Shekarar da Baba Ya Yi Gudu da Keken Ɗinki

Sadiƙ da Walida, wannan babin naku ne, domin ku kuka fi kowa yaɗa labarin nan ba yadda yake ba. Jiya da yamma na ji Sadiƙ yana nuna wa abokinsa jar kular nan da ke kan kabad ɗin falo, yana cewa Baba ne ya ciwo ta a tseren iyaye, wai har sai da ya tsaya ya ɗaure igiyar takalminsa kafin na biyu ya iso. Ban ce komai ba, kamar yadda na saba. Amma tunda na gama jarrabawar fita sakandare ina zaune a gida, na ga gara in rubuta abin da ya faru tun ban fara yarda da labarinku ba. Lokacin kai Sadiƙ shekararka biyar, ke kuma Walida abin da ya dame ki a filin nan shi ne mai sayar da askirim.

Ina aji huɗu a shekarar. Kun san gidanmu na Eriya Tu a Garki, hawa na uku, amma na tabbata ba ku taɓa ƙirga matakalar ba. Arba'in da biyu ce, ta goma sha bakwai tana da ɓalli a gefe. Irin aikin da nake yi ke nan a madadin magana. Ni idan malami ya kira sunana a aji, sai in ji kamar an zuba mini ruwan zafi a kunnuwa, amsar da na sani sarai ta maƙale a wuya. Sai dai ina gani. Kuma tun farkon zangon nan na ga wani abu game da Baba da babu wanda ya gani. In zai hau matakala, ƙafar dama yake fara sawa, sannan ya jawo ta hagu ta same ta. In akwai mutum a kusa, sai ya saki ƙarfen riƙo ya fara fito. In zai tashi daga sujada, yakan dafa ƙasa da hannun hagu ya ɗan dakata, kamar mai ƙarasa wata addu'a. A mota kuma ya matsar da kujerarsa baya har ƙafafuna suka rasa wuri.

Baba kuwa mutum ne da ya taɓa yi wa makarantarsu gudu a Zariya, kuma bai yafe wa duniya ba da ta manta. Abokin hamayyarsa shi ne Oga Bitrus na hawan ƙasa, baban Jummai ƙawata, mutumin wajen Uke, direba a wani ofishin jakadanci a Maitama. Tare suke wanke mota ran Asabar, tare suke cin goro, in ɗaya bai ga ɗaya kwana biyu ba sai ya aiko a duba. Amma a wasannin makarantarmu na shekarar da ta gabata, Oga Bitrus ya riga Baba taɓa zare a tseren iyaye maza, kuma tun daga ranar gaisuwarsu ta canza.

"Oga Darakta, ya ƙafa?" haka Oga Bitrus yake cewa kowace safiya.

"Ƙafa lafiya lau. Mai usur ɗinku ne ba shi da lafiya. Bana zan zo da nawa."

"Ka zo da usur goma, Oga. Ni zan jira ka a ƙarshe da ruwan sanyi."

A wancan tseren ne wani uba ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, jijiyar cinyarsa ta tsinke, aka ɗauke shi a kan teburin masu ba da kyauta. Firinsifal ta rantse an gama tseren iyaye har abada. Malama Ladi, malamarmu ta fiziks, ita ta ceto shi. Wata ƙungiya ta ba kulob ɗinmu na kimiyya wasu ƙananan na'urori, kowace ba ta fi kwalin ashana ba, shi ya sa muke ce musu 'yan ashana. Ana ɗaura su a ƙwauri sama da idon sawu, mai jan ɗigo a dama, mai shuɗi a hagu. Suna jin duk motsin ƙafa: ƙarfin da ta doki ƙasa da shi, da tsawon lokacin da ta yi a ƙasa kafin ta tashi. In aka haɗa su da kwamfuta, sai layi biyu su fito, ja da shuɗi, suna hawa suna sauka kamar haƙoran zarto. Ranar da Malama za ta fahimtar da mu, sikelin awon nauyi ta kawo daga gida, ta sa Jummai ta hau, muka karanta. Sannan ta ce ta yi tsalle a kai. Allurar ta zabura ta wuce ninki biyu kafin ta dawo.

"Kun gani?" in ji Malama. "In ka doki ƙasa, ƙasa ma tana rama dukan, daidai wa daida. Mai gudu, kowane taku sai gwiwa ta karɓi wannan dukan. To ƙafar da ke ciwo tana da wayo. Tana sauka a hankali, ta tashi da wuri, ta bar wa 'yar'uwarta aiki. Mai ƙafar ma bai sani ba. Ido ba ya gani, amma ashana tana gani."

Da 'yan ashanar nan ta gyara wa 'yan gudun makarantarmu taku. Yawancinsu suna wurga ƙafa can gaba, dunduniya ta caki ƙasa kamar birki. Ta koya musu su gajarta taku su yawaita shi, ƙafa ta riƙa sauka a ƙarƙashin jiki. Masu kukan ciwon ƙwauri suka ragu, gudunsu kuma ya ƙaru. Don haka ta kai wa firinsifal shawara: duk uban da ke son shiga tsere, a ba shi ashana biyu, ya riƙa sassarfa ta minti goma kowace safiya har mako biyu. A duba layukansa, in ƙafafun sun yi daidai a sa masa hannu a takarda, in ba su yi ba ya zauna a rumfa ya yi tafi. Hannu biyu ake sawa, na Malama da na mai ajiye bayanan kulob. Mai ajiye bayanan kuwa ni ce. An zaɓe ni ne saboda an tabbata ba zan faɗa wa kowa nauyin kowa ba.

Baba ya karɓi nasa 'yan ashanar da fara'a. Ya juya su, ya kara a kunne, ya ce ai wasan yara ne. Ran Litinin bayan sallar asuba na ji ya sauka, na kuma ji ya dawo kafin ruwan shayi ya tafasa, ya daɗe a matakala ta goma sha bakwai. Daga ranar ban ƙara jin ya sauka don gudu ba. Amma kowace safiya in zan tafi makaranta sai ya ce in bar masa ashanar tukuna, yana da sauran motsa jiki. Ran Juma'a ya miƙo mini su yana murmushi.

"Uwata, kai wa malamarku. Ki ce ta zauna kafin ta duba."

Uwata yake ce mini, kun sani, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Hauwa'u a bakinsa ba.

Malama Ladi ta haɗa na'urorin da kwamfuta, ta gyara tabarau, ta cire shi, ta goge, ta mayar. Na iyaye bakwai muka riga muka duba, duk layukansu bi da bi suke, ja ya hau shuɗi ya sauka. Na Baba kuwa ja da shuɗi tare suke hawa tare suke sauka, lausasa kamar igiyar ruwa, babu tsini ko ɗaya.

"Hauwa'u, babanki mutum ne ko kwaɗo?"

Na sunkuyar da kai.

"Ƙafa biyu lokaci ɗaya yake tafiya. Kuma dubi nan, ba ya taɓa ƙasa sam. Awa ɗaya da rabi yana gudu a iska. Ga shi kuma yana tsayawa cak kowane ɗan lokaci, sannan ya ci gaba."

Na dubi wuraren tsayawar. Na san wannan kiɗan. Da shi na girma. Dogon gudu, tsayawa, gajeren gudu, tsayawa: haka Mama take yi in tana ɗinka zani a kekenta na ƙafa. Dogon shi ne gefen zani, tsayawar ita ce inda take juya ƙyalle, gajeren shi ne baki. Har na gane ranar Laraba ce ta ɗinka rigar yara, domin tsayawar ta yi yawa. Ban faɗa wa Malama ba. Na ce wataƙila ashanar ce ta samu matsala. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce to, a sake gwadawa mako mai zuwa.

A nan na yi kuskurena na farko. Na ɗauka in Baba ya ji an gano, kunya za ta sa ya bari. Da daddare muna cin tuwo na tattara duk ƙarfin halin da nake da shi, na yi magana ina kallon miya.

"Malama ta ce mai gudu ƙafafunsa bi da bi suke. Kuma ta ce dole a ga inda suka doki ƙasa."

Mama ta ƙware, ta tashi neman ruwa. Baba kuwa ya ajiye lomarsa, ya gyaɗa kai a hankali kamar yadda yake yi in ƙaramin ma'aikaci ya kawo masa shawara mai amfani.

"Bi da bi," ya ce. "Da dukan ƙasa. Madalla. Allah ya yi miki albarka, Uwata."

Ran Asabar da hantsi na sauka zubar da shara, na zagaya bayan bene inda mata ke daka, tunda an hana daka a sama saboda na ƙasa. Na tarar da Mama da Maman Jummai a kan turmi ɗaya suna lugude, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. A wuyan taɓaryar Mama an ɗaure mai jan ɗigo da tsumman atamfa, a ta Maman Jummai mai shuɗi. Baba yana zaune a kan bokiti a inuwar mangwaro, riƙe da agogo.

"Saura minti huɗu. Maman Jummai, kina riga ta. A daidaita, a daidaita!"

"Oga, gero ya zama gari tun ɗazu fa."

"A ƙara wani."

Abin da Baba bai lissafa ba guda biyu ne. Na farko, in lugude ya yi daɗi, Maman Jummai takan cilla taɓaryarta sama ta tafa hannu sau biyu kafin ta cafe. Na biyu, Maman Jummai matar Oga Bitrus ce. A makon nan mun sha fura har ta gundure mu, kuma Oga Bitrus ya canza gaisuwa.

"Oga Darakta, ya taɓarya?"

Ran Juma'a Malama Ladi ta duba layukan, ta yi dariya har ta kifa kai a tebur. Ta ce in dai wannan ƙafar mutum ce, to nauyinsa ya kai na saniya uku, kuma ya kamata a je a duba kwaltar unguwarmu. Ta nuna mini wurare goma sha ɗaya inda ƙafar hagu ta bar duniya gaba ɗaya ta yi shawagi, ta dama tana ƙasa tana jiran ta. Da ta gama share hawaye sai ta daina dariya.

"Mutumin da ya sha wannan wahala don kada a ga ƙafarsa, akwai abin da yake ɓoyewa. Zan kira shi a waya."

Na roƙe ta kada ta kira. Na san Baba. In malama ta kira shi ta ce ya yi maguɗi, zai shiga tseren ko da tsiya, ko da kuwa a wajen fili zai yi gudun, a gefen katanga. Na ce ta ba ni zuwa Litinin. Sai da na fito na tuna cewa ni ce fa zan yi maganar, ni da ko kuɗin makaranta sai Mama ta tambayar mini.

Kwana na yi ina shirya kalmomi, da na tsaya a gabansa sai su watse. Ƙarshe na yi abin da na iya. Na sha ganin takardun da yake zuwa da su daga ma'aikata, na san tsarinsu. Na yago takarda daga littafin fiziks, na rubuta a sama: Zuwa ga Mataimakin Darakta, ta hannun Mama. Na ja layi a ƙarƙashin batu: Gwiwar Hagu. Na jera sakin layi uku masu lamba. Na ɗaya, cewa an gano keken ɗinki. Na biyu, cewa an gano taɓarya. Na uku, cewa mai ajiye bayanai ba za ta iya sa hannu ba sai an gwada ƙafafun da Allah ya ba shi. Na kai wa Mama. Ta karanta, ta toshe baki da gefen mayafi, ta rubuta a ƙasa: An gani, an wuce da shi. Na sa a cikin jakarsa. Ran Lahadi da safe na tarar da takardar a kan matashina, an yi rubutu a kusurwa da jan biro: A zo a tattauna, bayan la'asar.

Bayan la'asar ya zauna a kan teburin cin abinci, ya sa tabarau, ya ajiye takardar a gabansa. Mama ta zauna a keke tana ɗinkin da babu zare.

"Sakin layi na ɗaya da na biyu," in ji Baba, "gwaji ne. Na so in ga ko na'urar tana aiki. Ta ci jarrabawa, ina taya ta murna. Sakin layi na uku kuma, wa ya ce miki gwiwata tana ciwo?"

Sai na rufe ido, na yi kamar ina karanta jerin abubuwa daga allo. Na faɗi ƙafar dama da ke fara hawa. Na faɗi ƙarfen riƙo da fito. Na faɗi kujerar mota. Na faɗi kwalbar man zafi da ke ɓoye a cikin takalmin sallar idi. Har maganar sujada na faɗa. Da na buɗe ido, keken Mama ya tsaya.

"Malam," ta ce a hankali, "ni na ɗauka ƙiwa ce kawai, shi ya sa na biye maka. Wallahi da na san ciwo ne da ban ɗaura abin nan a ƙafata ba. Kana so ka ƙarasa rayuwarka kana sallah a kan kujera saboda Bitrus?"

Baba ya cire tabarau, ya ninke takardar gida huɗu.

"Gobe bayan an tashi zan zo makarantar. A gwada. In na ci, za ki sa hannu a gaban kowa."

Ya zo kuwa, da farar singileti da wandon motsa jiki da ya ɗan matse shi a ciki. Mama ta biyo shi. Oga Bitrus ma, wanda bai taɓa zuwa ɗaukar Jummai ran Litinin ba, sai ga shi ya jingina da katanga yana ɓare gyaɗa. Ni na durƙusa na ɗaura wa Baba ashanar. Ya zagaya fili sau ɗaya, kai a sama, ƙirji a gaba, yana wurga ƙafa irin ta zamaninsu. Gaskiya a ido ya yi kyau. Ni kaina na fara tunanin ko na zalunce shi. Sai Malama ta juyo da kwamfutar. Haƙoran jan layin dogaye ne, masu tsini kamar ƙusa. Na shuɗin gajeru ne, kowane yana saurin janyewa kamar mai taka garwashi, kuma suna ƙara gajarta yayin da zagayen ke ƙarewa.

"Oga, ka gani da idonka," in ji Malama. "Hagu tana gudun ƙasa, dama tana ɗaukar kayan biyu. Wannan sassarfa ce kawai. In ka saki jiki a tsere, ko hagu ta ba da kai, ko dama ta gaji da ɗaukar nauyinta. Ni ba likita ba ce, ban san me ke ciki ba. Amma ka je a duba."

Baba ya daɗe yana kallon layukan. Sannan ya ɗauki takardar, ya miƙo mini ita da bironsa, jan nan.

"Mita ɗari ce kawai. Daƙiƙa nawa ce? Sa hannu, malamarku za ta bi."

Oga Bitrus ya daina ɓare gyaɗa. Na dubi biron. Na tuna uban nan a kan teburin kyauta, ƙafarsa tana reto. Na mayar da hannuwana bayana na riƙe ɗaya da ɗaya.

"Ba zan sa ba, Baba."

Ya mayar da biron aljihu, duk da wandon ba shi da aljihu, biron ya faɗi a ciyawa, ba wanda ya ɗauka.

"To shi ke nan, Malama Hauwa'u. Na gode."

Da a ce ya mare ni da ya fi sauƙi. Kwana goma sha biyu ina Malama Hauwa'u. Malama Hauwa'u miƙo gishiri. A tambayi Malama Hauwa'u ko an yarda in hau matakala. Ku kuna dariya kuna maimaitawa, ni kuwa ina shiga banɗaki in buɗe famfo don kada a ji. Amma a cikin kwanakin nan ya je asibiti, wai don ya kawo takardar da za ta ƙaryata mu. Ya dawo da bandeji a gwiwa da jerin motsa jiki. Likita ya ce guringuntsin ya fara yagewa, kuma an zo da wuri. Baba ya ce likitan yaro ne.

Yanzu ga inda kular ta shigo. A ranar gwajin nan, kafin mu bar fili, Malama Ladi ta tsayar da Mama ta tambaye ta ko ƙafar wa ce ta makon farko. Mama ta rufe fuska. Malama ta ce ƙafar da za ta yi awa ɗaya da rabi tana taka keke ba ta canza kiɗa ba, kuma ta hau matakala arba'in da biyu da bokitin ruwa duk ranar da famfo ya ɗauke, asara ce a bar ta a rumfa. Akwai tseren iyaye mata. Mama ta ce Allah ya kiyaye, ita da girmanta. Oga Bitrus ya ce ai gara haka, gidan Darakta su huta bana, matarsa ma za ta shiga ta ciyo musu kyauta ta biyu. Ban san me ya faru a ran Baba ba, amma a mota sai ya yi magana yana kallon titi.

"Maman yara, wandon nan nawa zai shige ki a ƙarƙashin zani."

Haka Baba ya zama koci. Kowace safiya bayan asuba Mama tana zagaya bene da hijabi ɗaure a ƙugu da ashana a ƙwauri, shi yana kan bokitinsa da agogo, ƙafa a miƙe. Ni nake kai na'urorin makaranta in dawo da bayani, amma tunda ba ya son ji daga bakina, sai in faɗa wa Mama a gabansa, shi kuma ya juya ya faɗa mata kamar daga kansa ya fito. In ce takunta ya yi tsawo, dunduniya tana birki. Ya ce, "Gajarta taku! Tun a Zariya haka muke yi." Layukan Mama suka fito ja da shuɗi kai ɗaya kamar tagwaye. Na sa hannu a takardarta da biron da na koma na tsinto a ciyawa.

Ranar wasanni Oga Bitrus ya ci tseren maza, ya zo har rumfa ya kawo wa Baba ruwan sanyi kamar yadda ya yi alkawari. Baba ya karɓa ya sha, ya ce ruwan ma bai yi sanyi ba. Sannan aka kira mata. Su tara ne, wasu da takalmin gudu na gaske. Mama tana can gefe, ƙarama, tana gyara hijabi. Aka busa usur. Maman Jummai ta fita kamar an harbo ta, da manyan taku, ta ba kowa rata. Mama kuwa tana tafe da ƙananan takunta, tak tak tak tak, daidai kiɗan gefen zani, ba ta ƙara ba ta rage ba. A rabin fili ta wuce uku. Baba ya miƙe. Ta wuce biyu. Baba ya fita daga rumfa. Da ta kamo Maman Jummai, sai na ga mahaifinku da bandejinsa ya tsallake igiya ya fara bin gefen fili da gudu, hula a hannu, yana ihu. Ban san lokacin da na hau kujera ba. Ni da ba a jin muryata daga layin gaba na aji, na buɗe baki a gaban makaranta gaba ɗaya, da firinsifal, da babban baƙo.

"Baba! Gwiwarka! Tsaya nan!"

Mai lasifika ma sai da ya yi shiru. Baba ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, kamar ɗalibin da aka kama yana tsallake katanga. A daidai lokacin Mama ta taɓa zare, don haka shi bai ga ƙarshen ba, ni yake kallo. Ni ma ban gani ba. Jummai ce ta ba mu labari.

Ya dawo rumfa yana ɗingishi kaɗan, mutane suna ta dariya. Na sauko daga kujera ina jiran abin da zai biyo baya, kunnuwana kamar za su kama da wuta. Ya tsaya a gabana yana haki, ya dafa kafaɗata, ya jingina nauyinsa a kaina, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba.

"Ashe kina da murya, Uwata. Riƙe ni mu je mu karɓo kularmu."

Shi ya karɓe ta daga hannun babban baƙo, domin Mama ta ɓuya a bayan Maman Jummai don kunya. Shi ya sa a hoton da ke falo shi ne riƙe da kular, kuma daga hoton nan kuka samo labarinku.

To kun ji yadda aka yi. Ban rubuta don ku je ku ƙaryata shi ba. In ya ce mun ci, ku bar shi, akwai bokitinsa da agogonsa a ciki. Amma gobe da asuba in ya dawo daga masallaci, ku tsaya a saman bene ku saurara. Za ku ji takunsa bi da bi, dama da hagu, tun daga ta ɗaya har ta arba'in da biyu, ba dafa ƙarfe, ba fito. Har yau nakan ƙirga.